Banso na ƙona katako yana barin layi: moto zan canza ko ruwan zarto?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni kafinta ne, ina da injin banso, wato zarton da ruwansa ke zagayawa kamar bel a kan wili biyu, mai wili inci 14, irin wanda aka ƙara wa tsayin wuya har yana karɓar katako mai kaurin inci 12. A jikin motonsa an rubuta wat 750. Ruwan zarton da ke kai shi ne wanda ya zo da injin, faɗinsa rabin inci, na ƙirga haƙora 10 a kowane inci. A ƙananan ayyuka ba ya ba ni matsala. Amma da zarar na tsayar da busasshen katako mai tauri mai faɗin inci 8 zan tsaga shi falle biyu, sai injin ya kama nishi, katakon ya yi baƙi yana warin ƙuna, yankan ya bar layi, wani lokaci ma tsakiyar fallen ya fito da doro. An ba ni shawara in sa moto mai ƙarfin doki 3 da ruwa mai faɗin inci ɗaya. Ina kuma yawan yanka ƙafafun kujeru masu lanƙwasa. Shin shawarar nan za ta fisshe ni?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi wannan moto tukuna. Nishin, ƙunar, barin layin da doron, dukkansu daga wuri ɗaya suke tasowa, wato ruwan zarton da ke kan injin. Wanda ya ba ka shawara ya bar jaki yana dukan taiki.

Yi lissafin da kanka. Inci 8 sau haƙora 10, haƙora 80 ke nan a cikin katakon a lokaci guda. Haƙorin da ya shiga ta sama ba zai sake ganin sarari ba sai ya ɓullo ta ƙasa, kuma duk garin da ya kankaro a wannan tafiya dole ya riƙe shi a ɗan kwarmin da ke gabansa. Kwarmin ruwa mai haƙora 10 ɗan mitsitsi ne. Tun bai yi nisa ba ya cika, daga nan haƙorin ya daina yanka, ya koma guga. Garin da ya rasa wurin zama sai ya malala gefe, ya cushe tsakanin ruwan da katakon, ya riƙe ruwan gam. Gugar nan ce zafin da kake jin warinsa, ita ce kuma nauyin da ke sa moton nishi. Ƙarfin turin da kake yi shi ma ya rabu gida 80, ba haƙorin da ke samun abin da zai ishe shi ya nutse cikin itacen.

Abin da ke biyo baya kowa ya san shi. Kafinta ya ga aiki ba ya ci, sai ya ƙara turi. Ruwan yana da matokari a sama da ƙasa, amma tsakiyarsa da ke cikin katako ba abin da ke riƙe da shi sai ɗaurinsa. Idan turin ya fi ƙarfin ɗaurin, tsakiyar ta murɗe ta lanƙwasa gefe, sama da ƙasa suna kan layi, ciki ya tafi wani wuri. Doron da kake gani ke nan. Ka sa moto mai doki 3 a wannan hali, nishin zai ragu, amma ƙunar da doron suna nan, sai dai ma ka ƙona ruwan da wuri.

Ƙa'idar da masu sana'a ke bi ita ce kada haƙoran da ke cikin katako su gaza 3, kada kuma su wuce kamar 24, mafi daɗin aiki tsakanin 6 da 12. Idan sun gaza 3, haƙori yana cafkar bakin katako ya ɓalle shi ko shi ya karye. Idan sun yi yawa, ga ka nan. Ruwa mai haƙora 3 a inci zai sa 24 a cikin katakonka na inci 8, kuma kwarminsa babba ne mai zurfi. Shi kake bukata. Wanda ke kan injinka yanzu na siraran alluna ne, daga uku bisa takwas na inci zuwa inci ɗaya ko biyu.

Bayan yawan haƙora sai siffarsu. Akwai haƙori miƙaƙƙe, fuskarsa a tsaye, kwarminsa ƙarami: yankansa sumul, amma a hankali. Akwai mai giɓi, wanda kamar an cire haƙori ɗaya an bar ɗaya, kwarminsa mai faɗi da shimfiɗaɗɗen gindi. Yana da kyau a katako mai laushi da mai danƙo. Sai mai ƙugiya, wanda fuskarsa ta sunkuyo gaba da kusan digiri 10. Wannan shi ke jan kansa cikin itace ba sai an matsa masa ba, kuma shi nake zaɓar wa duk mai tsaga busasshen katako mai tauri da ƙaramin moto. Fuskar da yake bari tana da ɗan kaushi, amma ai fallen da aka tsaga dama sai an bi shi da fulen. Idan ka samu irin wanda tazarar haƙoransa ba ɗaya ba ce, misali 3 da 4 a gauraye, ya fi rage girgiza da ƙara. Ɗanyen itace kuwa wani batu ne: garinsa jiƙaƙƙe ne mai kumbura, yana son haƙoran da aka karkata dama da hagu sosai don hanyar yankan ta buɗe.

Yanzu faɗi, inda rabi na biyu na shawarar da aka ba ka ya fi haɗari. Gaskiya ne ruwa mai faɗi ya fi tsayawa a miƙe. Amma sai an tamke shi yadda ya kamata, kuma tamkewar daga gangar jikin injin take fitowa. Ruwan ƙarfe na gama-gari yana son ɗauri kusan kilo 10 a kan kowane murabba'in milimita na jikinsa, wanda kamfanoni ke rubutawa da laba 15,000 a murabba'in inci. Ruwa mai faɗin rabin inci, wato kusan milimita 13, da kaurin milimita 0.65, yana neman ja na sama da kilo 80. Tunda ruwan ya sauko ta ɓangarori biyu na wilin sama, nauyin da ke kan wilin ninki biyu ne, kusan kilo 170. Ka koma mai faɗin inci uku bisa huɗu da kaurin milimita 0.8, lissafin ya haura kilo 300. Mai inci ɗaya ya wuce haka nesa. Sifirin ɗin ɗauri na yawancin injinan inci 14 masu jikin ƙarfen zubi yana matsewa ƙarshe tun kafin a kai can, wuyan injin kuma, musamman wanda aka yi wa ƙari irin naka, yana ɗan rusunawa. Sakamakon shi ne faffaɗan ruwa mai sako-sako, wanda rabin inci da aka tamke da kyau ya fi shi tafiya kan layi. Ga kuma tayar wilin, wadda faɗinta da ɗan tudun da ke tsakiyarta ba don ruwan inci ɗaya aka yi su ba. Ko da littafin injin ya ce yana ɗaukar uku bisa huɗu, ni a rabin inci nake tsayar da mutum, iyaka biyar bisa takwas mai sirarin jiki.

Kauri ma yana da iyaka, kuma wili ne ke yanke ta. Kowane zagaye ruwan yana lanƙwasa sau biyu ya miƙe sau biyu, ɗaruruwan lokuta a minti. Wahalar da ƙarfen ke sha tana ƙaruwa da kaurinsa, tana raguwa da girman wili. Shi ya sa wilin inci 14 ke tafiya da milimita 0.65, ƙananan injinan tebur masu inci 9 ko 10 suke son abin da ya fi haka siranta, masu milimita 0.8 zuwa 0.9 kuma aka bar wa wilin inci 18 zuwa sama. Ka ɗora kakkauran ruwa a ƙaramin wili, tsagewa za ta fara daga gindin kwarmi tun haƙoran na da kaifi.

Wannan matsala tsohuwa ce. Tun 1809 William Newberry ya yi rajistar fasahar banso a Ingila, amma injin ya zauna kusan shekara arba'in ba ya amfanuwa saboda ba a iya haɗa bakin ruwan ya jure lanƙwasa ba, sai da wata Bafaransa, Anne Paulin Crepin, ta fito da hanyar haɗin a 1846. Har yau idan ka karɓi sabon ruwa, wurin waldar za ka fara dubawa. Ka shafa da yatsa ta baya: in akwai tudu, ko bayan bai miƙe ba, ruwan zai riƙa yin gaba da baya a kowane zagaye, ba saitin da zai gyara shi.

Batun ƙafafun kujeru ba shi da tsawo. Ruwa ɗaya ba zai yi maka aikin biyu da kyau ba. Mai rabin inci yana iya zagaya da'irar da faɗinta ya kai kusan inci 5, mai uku bisa takwas kusan inci 3, mai kwatan inci kusan inci ɗaya da rabi. Mai inci ɗaya da aka ce ka saya sai da'irar kusan inci 14, ka ga ke nan ko ƙafar kujera ɗaya ba zai fitar maka ba. Ka ajiye na biyu, kwatan inci ko uku bisa takwas mai haƙora 4 zuwa 6, ka riƙa canzawa. Akwai wani dalilin raba su: yankan lanƙwasa yana cin haƙoran gefe ɗaya fiye da ɗayan, kuma ruwan da gefensa ɗaya ya dushe ba ya sake bin miƙaƙƙen layi. Tsawon ruwa a irin injinka galibi inci 105 ne, ba tare da ƙarin wuya ba kuwa 93 da rabi, amma ka auna: ninki biyu na tazarar da ke tsakanin cibiyoyin wili biyu, a haɗa da zagayen wili ɗaya.

Irin ƙarfen fa? Na gama-gari shi ne mafi araha, yana da kaifi sosai yana sabo, amma zafin da ya haura kusan digiri 200 na ma'aunin Selshiyas yana kashe taurin haƙoransa. Don haka ina kyautata zaton ruwan da ke kan injinka ya riga ya mutu, tunda har ya ƙona katako. Mai ƙarfe biyu, wanda bakin haƙoransa ƙarfe ne mai jure zafi kamar M42 mai kobal kashi 8 cikin ɗari, yana jure sama da digiri 500 kuma yana daɗewa ninkin-ba-ninkin. Mai haƙoran kabaid ya fi su duka daɗewa, yankansa kamar an goge, kuma shi ne maganin itatuwa irin su tik masu silika a jiki da ke dusar da ƙarfe nan da nan. Sai dai waɗannan biyun suna son ɗauri fiye da na gama-gari, laba 20,000 zuwa 25,000 a murabba'in inci ko sama, ga kabaid da kaurin jiki. A kan injin inci 14 ba na gaggawar tura mutum ga mai kabaid. Fara da na gama-gari mai kyau. In ka ga tsaga ta zama aikin kullum, ka hau mai ƙarfe biyu.

To, mu zo kan moton. Ba cewa nake ƙarfinsa ba shi da muhimmanci ba. Doki ɗaya wat 746 ne, don haka a ido wat 750 ɗinka doki ɗaya ne. Amma wace 750? Wasu kamfanoni wutar da moto ke sha suke rubutawa, wasu kuma ƙarfin da yake fitarwa a bakin sandarsa. A farantin da ke jikin moto ƙirar Turai za ka ga P1 na abin da ya sha, P2 na abin da ya fitar. Idan 750 ɗin P1 ce, abin da ke isa wili bai fi wat 500 zuwa 550 ba, wato kusan uku bisa huɗu na doki. Duba kuma ko an rubuta S1 ko S6. S1 na nufin zai riƙe wannan ƙarfi yana aiki ba tsayawa. S6 da kashi 40 cikin ɗari na nufin ƙarfin na ɗaukar kaya ne jefi-jefi. Wanda aka rubuta wa “ƙololuwar ƙarfi” kuwa kada ka kula shi, adadi ne na daƙiƙar da moto ke gab da tsayawa. Abin da ba ya ƙarya shi ne amfiya. Moton doki ɗaya na gaskiya a wuta mai bolt 230 yana jan amfiya 5 zuwa 7, a mai bolt 115 kuma ninkin haka. In ka ga an ce doki biyu amma amfiya 4 a bolt 230, ka san talla ce.

A aikace, da ruwan da ya dace, doki ɗaya na gaskiya yana tsaga katako mai tauri har inci 6 cikin natsuwa, yana kuma cin inci 8 in ba ka matsa masa ba. Wanda kullum yake tsakanin inci 8 da 10 zai fi jin daɗin doki ɗaya da rabi. Mai cika inci 12 kowace rana yana son doki 2 zuwa sama, amma wannan mutum injin inci 17 ko 18 mai jikin ƙarfen walda yake bukata gaba ɗaya, ba moto kaɗai ba. Doki 3 a kan injinka asarar kuɗi ce. Bel ɗaya da ƙaramin fuli ba lalle su isar da wannan ƙarfi ba tare da sulɓewa ba, ruwan rabin inci ba zai iya amfani da shi ba, kuma moton zai ja amfiya 13 zuwa 15 yana tafiya, lokacin tashi kuma ninki biyar ko shida na ɗan lokaci. Sai ka canza waya, makunni da abin katse wuta. In da janareto kake aiki, wannan jan na farko shi zai durƙusar da shi.

Kafin ka yanke wa moton da ke kai hukunci, ka saurare shi. Idan ruwa ya rage gudu a cikin katako amma ƙarar moto ba ta canza ba, ba moton ba ne, bel ne ke sulɓewa, ko fuli ya kwance a kan sanda, ko tayar wili tana zamewa. Ka ja layin alli da ya ratsa fuli da sandarsa, ka yi yanka, ka kashe ka duba ko layin ya rabu. Idan kuwa muryar moton ce ke faɗuwa, duba wutar da ke isa gare shi. Doguwar waya siririya tana zubar da bolt a hanya, ƙarfin juyin irin wannan moto kuma yana faɗuwa fiye da yadda wutar ta faɗi: ragin kashi 10 cikin ɗari na bolt yana cin kusan kashi 19 na ƙarfin juyi. Moton da ke gurnani kafin ya tashi, ko sai an taimaka masa da hannu, kafasitonsa ne ake zargi. Haka nan moton da aka ƙera don wuta mai haz 60, in aka sa shi a mai haz 50, yana rasa kashi ɗaya cikin shida na gudunsa.

In ka gwada duk wannan kuma har yanzu kana son ƙari, ɗauki doki ɗaya da rabi, rufaffen jiki mai fanka a baya, don garin katako kada ya shiga cikin naɗin waya. Ka kula da yawan juyinsa fiye da komai. Ruwan banso na katako yana gudun kusan ƙafa 3,000 a minti, wato kusan mita 900, wanda a wilin inci 14 yake nufin juyi 800 da ɗan kai. Motocin irin wannan injin galibi masu juyi 1,450 ne a haz 50, ko 1,725 a haz 60. Akwai masu kama da su sak a ido da ke juyi 2,850 ko 3,450. Ka ɗaura irin wannan ba ka canza fuli ba, gudun ruwa ya ninka, taya na iya fita daga wili, ruwan ya biyo ta. Ka tabbatar kuma kaurin sandarsa da ɓangaren da yake juyawa sun yi daidai da na tsohon.

Ranar da sabon ruwan ya zo, cire fulogi tukuna. Janye matokaran gaba ɗaya, sama da ƙasa, ka goge danƙo da garin da suka manne a taya. Ɗora ruwan haƙora na kallon ƙasa, ka juya wili da hannu kana saita shi har ya zauna a tsakiyar tudun tayar sama. Ma'aunin ɗauri da ke jikin injin kada ka ba shi amana sosai, yawanci yana nuna fiye da abin da ke akwai. Ga rabin inci ka kai shi alamar da ke gaba. Ɗaga matokarin sama kamar inci 6, ka danna ruwan ta gefe da yatsa da matsakaicin ƙarfi: bai kamata ya kauce fiye da kwatan inci ba. Sannan ka dawo da matokaran gefe, su tsaya a bayan kwarmin haƙora, tazararsu da ruwan kaurin takarda. In suka taɓa haƙora ko na daƙiƙa ɗaya ne, sun kwantar da karkatar gefe ɗaya, sabon ruwa ya zama mai barin layi. Boris ɗin da ke tokare bayan ruwan kuma kada ya juya sai an fara yanka. Na ƙarƙashin tebur shi aka fi mantawa, alhali aikinsu ɗaya.

Katakon ma yana da nasa haƙƙi: fuska ɗaya a miƙe da za ta jingina da shingen jagora mai tsayi, gefe ɗaya a daidai kusurwa da zai zauna kan tebur. Sauko da matokarin sama ya rage kwatan inci ya taɓa katakon. Tura a hankali ba tsayawa, kunnenka na kan moto. Da ka ji muryarsa ta fara sauka, sassauta. Jinkirin da ya wuce kima shi ma yana ƙonawa, domin haƙora na guga a wuri ɗaya. Inci na ƙarshe da katakon turi ake ƙarasa shi, ba da tafin hannu ba, saboda ruwan na iya ɓullowa ta gefen fallen inda ba ka zata ba. In ka ji wani ƙas-ƙas yana maimaituwa a kowane zagaye, kashe injin nan take, ruwan ya fara tsagewa.

Bayan yankan farko buɗe fallayen ka duba. Ɗan gari sako-sako a fuskarsu ba laifi. Gari a danƙare kamar an liƙa shi yana nufin ka yi saurin turi ko haƙoran sun yi yawa har yanzu, sai ka nemi mai 2 a inci. Doro ba tare da ƙuna ba yana nufin ɗauri bai isa ba, ƙara rabin juyi ka sake gwadawa. Idan fallen ya fito a miƙe, ba ƙuna, amma moton na faɗuwa ko da turi mai sauƙi kuma wuta da bel lafiya suke, a nan ne doki ɗaya da rabi ya cancanci kuɗinsa. Da ka tashi daga aiki kuma ka sassauta ɗaurin, ka rubuta yawan juyin da ka kwance a jikin murfin injin don gobe ka mayar daidai.